DAGA FATOMA ZUWA SALULA: WA KE RIƘE SIRRIN MAI SAYE?

Yau bari mu ɗan waiwaya baya.

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, ayarin fatake na zirga-zirga tsakanin Zinder, Kano da Tarabulus. Baƙon da ya sauka gari ba ya shiga kasuwa kai tsaye, gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya san sunansa, garinsu, da yawan dukiyar da ya zo da ita. Amma bakinsa alaikum. Ranar da ya tona asirin baƙo, ranar gidansa ya mutu, don labari zai riga shi isa zango na gaba. Har gobe, duk mai kai dabba kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san dillalin da ke faɗin abin da ke aljihun mutane ba ya daɗewa.

To, sai salula ta zo. Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Daga baya hukuma ta ce kowane layi sai da takardar shaida. Ka ga kenan lambarka ta zama sunanka. Yau atamfa, takalmi, turare, duk ana tallarsu a WhatsApp da Facebook daga Kano ko Yamai. Ka tura kuɗi, ka ba da suna, lamba da unguwa, wani lokaci har hoton katin ɗan ƙasa. Wa ka ba? Ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Wata mai saurare ta kira mu a rediyo, ta ce bayan ta sayi lufaya ta intanet, sai baƙin lambobi suka dame ta. Wani ma ya kira sunanta daidai, wai ta ci kyauta, ta faɗo lambar sirri. Allah Ya kiyaye ba ta faɗa ba, amma ta ce ita da sayayyar waya har abada. Mai kayan ƙila mutumin kirki ne, sai dai ya rasa ciniki.

Doka fa akwai. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a watan Mayun 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka kuma sabunta ta a 2022. Najeriya ta yi tata a 2023. Amma doka tana Yamai, ciniki yana hannunka.

Don haka ƴan kasuwarmu na waya, ku zama fatoman zamani. Kar ku tambayi abin da kai kaya bai buƙata ba, kar ku watsa rasit ɗin mutane a gurup don nuna ana saye. Mai saye kuma, lambar sirri ko ɗan'uwa ba a ba shi.

Ku fa, ya kuka gani? Mu ji daga gare ku.