Malaman Sin da Kyanwoyinsu

'Yan makaranta, wanda duk ya taɓa buɗe akwati ya tarar ɓera ya ci masa littafi, ya san baƙin cikin da ya sa malaman ƙasar Sin suka riƙi kyanwa da daraja. A zamanin daular Song, watau daga 960 zuwa 1279, ɗab'i ya yaɗu, littattafai suka yawaita a gidaje, ɓeraye kuwa suka sami abinci.

A al'adarsu, mai son 'yar kyanwa yakan nemi a ba shi ita kamar yadda a ke neman aure, har da sadaki. Wani ya kai gishiri, wani ya kai kifi. Huang Tingjian, wanda ya rasu cikin 1105, ya yi waƙa yana roƙon 'yar kyanwa, ya ce zai sayi kifi ya kai. Mei Yaochen kuwa, da kyanwarsa ta mutu, waƙar makoki ya yi mata, yana tuna yadda ta tsare masa littattafai.

Amma babu kamar Lu You, wanda aka haifa cikin 1125, ya bar waƙoƙi fiye da 9,000. Yana jariri mayaƙan Jin suka ci Kaifeng, babban birnin ƙasar, cikin 1127, arewa ta fita hannu. Ya girma ba shi da buri sai a ƙwato ta, amma fada ta fi son sulhu. Daga baya ya koma garinsu, Shanyin, ya zauna da littattafansa.

Da fari aiki ya nemo wa kyanwa, har yana jin kunyar talauci ya hana shi biyanta da kifi. Wata kuma ta zama kyanwar Lami, sai ci da barci, ya yi mata ba'a cikin waƙa, bai kore ta ba.

Cikin 1192, a wani dare na ruwa da iska, ya yi waƙoƙi biyu. A ta fari ga tsoho da kyanwarsa gefen wuta, sun ƙi fita. A ta biyu ga shi kwance yana mafarkin dawakan yaƙi a bakin iyaka. Ya rasu cikin 1210, arewa ba ta dawo ba. Lalle mai gadin littattafai ta zama abokiyar zaman mutumin da sarakuna suka ƙi saurara.