Bibiyar ido

bibiyar ido (suna, mace) Dabarar auna inda ido ya sauka da tsawon tsayawarsa, don gano abin da ya ɗauki hankalin mutum. Ana haska ido da hasken da ba a gani, kyamara na bin ƙwayarsa. A karatu ido tsalle yake yi, ya tsaya kamar rubu'in daƙiƙa, ya sake zabura. Likitan ido Javal na Faransa ya bayyana haka a 1879. Sai dai ido kan kafe a wuri alhali hankali na can wani waje. Abin da mutum ke nema ma kan juya idonsa: Alfred Yarbus na Tarayyar Sobiyet ya nuna wa wani mai kallo wani hoton da mai zane Repin ya zana; da ya ce ya ƙiyasta shekarun mutanen ciki, sai idonsa ya koma kan fuskoki.