Katin banki a hannun matashi: abin da iyaye a Lome ya kamata su sani

A Bè-Kpota da Zango da sauran unguwannin Lome, yawancin matasa sun saba da kuɗin waya, wato Flooz da wanda a da ake kira T-Money, tun kafin su taka ƙofar banki. Amma da zarar yaro ya fara sayayya ta intanet, ko zai tafi karatu Kwatano, Yamai ko Dakar, sai maganar kati ta taso. Katin kansa ba bashi ba ne. Irin katin da aka zaɓa da sharuɗɗan da aka sa wa hannu su ne ke jawo bashi.

Shekara nawa ake buƙata?

A dokar Togo duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, kamar yadda dokar kare yara ta 2007 ta tanada. Don haka ba ya ƙulla yarjejeniya da banki shi kaɗai. Uba, uwa ko waliyyin da doka ta amince da shi ne ke buɗe masa asusu, ya sa hannu, ya kuma ɗauki alhakinsa. Banki zai nemi takardar haihuwar yaron da katin shaidar waliyyin. Kowane banki yana da shekarun da yake fara ba matashi kati, sai a tambaya a reshen da ke kusa.

Katunan iri uku ne

Na farko shi ne katin da ake zuba wa kuɗi tukuna, carte prépayée da Faransanci. Abin da aka zuba shi ake kashewa, in ya ƙare kati ya tsaya. Shi ya fi dacewa da matashi.

Na biyu katin cire kuɗi ne da ke haɗe da asusu. Wasu na GIM-UEMOA ne, tsarin da aka kafa a 2003, wanda ke aiki a ƙasashe takwas masu kuɗin sefa: Togo, Benin, Nijar, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddebuwa da Gini Bisau. Najeriya da Gana ba sa ciki, don haka mai zuwa Legas ko Akara yana buƙatar kati mai tambarin Visa ko Mastercard, kuma za a cire masa kuɗin canji.

Na uku katin bashi ne: banki ya biya, kai kuma ka biya shi daga baya da kuɗin ruwa. Wannan na baligi ne mai albashi ko kuɗin shiga tabbatacce.

Ta ina bashi ke shigowa?

Babbar ƙofa ita ce découvert, wato banki ya bar mutum ya ci fiye da abin da ke asusunsa. Rance ne, kuma yana da kuɗin ruwa. Sai kuɗin kati na shekara da na kula da asusu, waɗanda ke ci gaba da taruwa ko da asusun babu ko dala. Sai manhajojin kallo da na wasanni masu cire kuɗi kowane wata, da caca ta intanet, inda yaro kan ranci kuɗin abokai don ya maido abin da aka cinye shi. Akwai kuma masu ba matashi ɗan kuɗi su ari katinsa ko lambar wayarsa. In kuɗin damfara ya bi ta nan, mai sunan ake nema.

A 2014 hukumomin kuɗi na yankin suka sa iyakar kuɗin ruwa: kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance. Ke nan wanda ya ci bashin jaka 100 na shekara guda bisa kashi 24, jaka 124 zai biya. Mai ba da rance na bayan fage kuwa, ko manhajar da ba ta da lasisi, ba ruwansa da wannan iyaka.

Bashi kuma yana barin tabo. Akwai ofishin tattara bayanan masu cin bashi na yankin, Creditinfo, wanda bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. Ɗan shekara 18 da ya kasa biyan ƙaramin bashi yana iya rasa jarin kasuwanci daga baya.

Abin da ba a biya

Tun 1 ga Oktoban 2014 Babban Bankin yankin, BCEAO, ya wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka 19 kyauta. A ciki akwai buɗe asusu da rufe shi, takardar bayanin asusu ta wata-wata, da cire kuɗi a na'urar bankinka.

Kafin a sa hannu

A nemi takardar farashin banki a karanta. A rubuta cewa ba a yarda da découvert ba. A sa iyakar abin da za a cire a mako, a haɗa saƙon sanarwa da wayar waliyyi. A koya wa yaro cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne. In kati ya ɓace, a kira banki a rufe shi nan take.