Hubbaren Shehu a Sakkwato: suna da gini

Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya sauka Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka binne shi cikin gidansa. Wannan gida ne ake kira Hubbare. A namu nazari, tushen kalmar Larabci ne, amma ta biyo ta bakin Fulani: baƙin farko ya koma h, aka liƙa mata ɗafin -re na rukunin sunayensu. Ke nan Hausa ta ari kalma ɗaya sau biyu, ƙubba da hubbare.

Da Faransanci akan ce mausolée. Mu kam ba mu gamsu ba. Mausolée gini ne da aka tsara domin kabari tun daga tushe. Nan kuwa gidan zama ne, rasuwar mai shi ta mai da shi wurin ziyara, iyali suka biyo baya. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, nan take kwance, alhali Muhammadu Bello yana Wurno tun 1837. Gyaran zamani da siminti ya rufe tsohon ginin ƙasa, saboda haka mai neman fasalin farko dole ya koma ga bakin masu tsaron wurin.