Furannin siliki daga fagen daga

Har yau, a gidaje da dama na Ingila da Kanada da Ostareliya, idan aka buɗe tsohuwar adakar kaka, akan tarar da wani ɗan kati da bai wuce tafin hannu ba. A tsakiyarsa akwai ƙyallen siliki shara-shara, an yi masa surfani da zare kala-kala: 'yan furanni shuɗɗa, tsattsewa ɗauke da wasiƙa a baki, ko malam-buɗe-littafi da aka ɗinke fukafukansa da launukan tutoci. A bayansa kuma akwai layi biyu ko uku da fensir, daga soja zuwa ga uwarsa ko matarsa. Daga Faransa da Beljiyam aka aiko da su, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918.

Da yawa daga cikin adon da ke jikinsu na lokacin da Turai ke fita daga hunturu ne, wato daga Maris zuwa Mayu. Mukan fassara sunan wannan lokaci da bazara, amma fassarar na da ɗan ruɗi. Bazararmu zafi ce da jiran ruwa. Tasu ta fi kama da farkon damina, sa'ad da ƙasa ke tsirowa, itatuwa su yi toho, tsuntsayen da suka yi ƙaura su dawo. Ga sojan da ke cikin ramin yaƙi kuwa, wannan lokaci na nufin wani abu dabam: taɓo ya fara bushewa, igwa za ta iya tafiya, saboda haka manyan hare-hare sun kusa. A 22 ga Afrilu 1915 Jamusawa suka saki iska mai guba a kusa da Ypres. A Afrilun 1917 aka gwabza a Arras. Mutumin da ya sayi katin furanni a watan Maris ya san abin da ke tafe.

An fara ganin irin waɗannan katuna a baje kolin Paris na 1900, sai dai yaƙi ne ya buɗe musu kasuwa. Miliyoyin samari sun yi nisa da gida, kuma ba su da 'yancin rubuta abin da suka ga dama. Hafsoshi na karanta wasiƙun na ƙasa da su kafin a aika. Akwai ma wani katin hukuma mai jerin jimloli bugaggu, irin su cewa mutum yana lafiya ko an kwantar da shi asibiti; soja ya soke waɗanda ba su shafe shi ba, in ya ƙara kalma ɗaya tasa a lalata katin. Saurayin da ya san hafsansa zai karanta saƙonsa ba zai zuba wa budurwarsa kalaman bege ba. Sai ya bar fure ya yi magana.

A nan masu zanen adon suka nuna gwaninta. Sun zaɓi furannin da sunansu kansa saƙo ne. Akwai ɗan shuɗin furen da sunansa a Turanci ke nufin "kada ka manta da ni". Akwai wanda Faransawa ke kira *pensée*, kalmar da ke nufin tunani, don haka aika shi daidai yake da cewa kina raina. Akwai *muguet*, fararen furanni masu siffar ƙararrawa, da Faransawa ke ba juna ranar 1 ga Mayu don fatan alheri. Tsattsewa kuwa kowane Bature ya san tana tafiya, kuma tana dawowa. Wasu katunan an yi musu ɗan aljihu na siliki mai marfi, a cusa ƙaramin katin gaisuwar Ista ko ta ranar haihuwa a ciki. Saboda laushinsu, cikin ambulan ake aika su, shi ya sa da wuya ka ga kan sarki a jikinsu.

To, wa ya ɗinka su? Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne matan Faransa da 'yan gudun hijirar Beljiyam ne suka ɗinka su ɗaya bayan ɗaya da allura, a ɗakunansu, don samun na abinci. Labari ne mai daɗin ji, kuma babu mamaki wasu katunan haka aka yi su. Amma masu nazarin da suka duba su da kyau sun lura da wani abu: adon yakan zo a jere a kan dogon ƙyalle, iri ɗaya sak, har kuskuren da ke jikin na farko ya maimaitu a jikin na ƙarshe. Hannu ba ya kuskure iri ɗaya sau ashirin.

Abin da ya fi dacewa da wannan shaida shi ne injin surfani da Josué Heilmann ya ƙirƙira a Mulhouse a 1828, wanda daga baya ya cika garuruwa irin su St. Gallen a Suwizalan da Saint-Quentin a arewacin Faransa. Alluransa masu tsini biyu ne, kafar zare a tsakiya. Wasu 'yan hantsaki na tura su ta cikin ƙyallen, wasu su karɓe su ta baya, su dawo da su, kamar dai yadda yatsu ke yi. Shi ya sa ɗinkin ke ruɗar ido. Mai aiki na zaune a gefe, da hannun hagu yana bin zanen da aka faɗaɗa ninki shida da wani dogon sanda, da hannun dama yana juya injin, ƙafafunsa na buɗe hantsakin suna rufewa. Duk motsi ɗaya da ya yi, allurai fiye da ɗari sun yi. A gefensa akwai mai zura zare, sau da yawa matarsa ko 'yarsa.

Wannan ne ya tsara kamannin adon. Kowace sabuwar kala na bukatar a sake zura wa dukkan alluran zare, don haka mai zane kan taƙaita launuka, ya zaɓi ƙananan furanni masu ganye biyar da ɗinki kaɗan ke fitarwa, ya bar farin siliki ya cike sauran fili. Wanda ya san aikin babbar riga ba zai ga baƙon abu ba: mai zanen aska dabam, mai ɗinki dabam, kuma mai zanen kirki yana zane ne da sanin abin da allura za ta iya. A ganina, gano injin bai rage wa katunan daraja ba. Abin da ya nuna shi ne tsohon labarin ya manta da mutane da yawa, har da masu yanka ƙyallen a masana'anta suna liƙa shi cikin kwali.

Saint-Quentin kanta ta faɗa hannun Jamusawa tun Agustan 1914, kuma daga kewayenta suka ƙaddamar da babban harinsu na 21 ga Maris 1918. Bayan an tsagaita wuta a Nuwamba sojoji suka koma gida, kasuwar ta yi ta ja da baya har ta kusa ɓacewa a farkon shekarun 1920. Ta ɗan farfaɗo a 1939, da sojojin Birtaniya suka sake sauka a Faransa, amma ba ta kai ta da ba.