Daga Madugu zuwa Direban Tirela

Ya kai mai karatu, in ka shiga Zinder ranar kasuwa, za ka ga manyan motoci masu jan tirela a jere bakin hanya. Samarinmu na Droum da yawa ba su da burin da ya wuce su hau kan irin wannan mota. Buri ne mai kyau. Amma kafin gwamnati ta yarda mutum ya ja tirela, sai ya ci jarrabawa. To, daga ina wannan sana'a ta fito, kuma me ya sa a ke tsananta mata haka? Saurara ka ji.

Zamanin raƙuma

Sarkin Damagaram Tanimun ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa Zinder ta zama babban zangon fatake. Ayari ya kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da Agadas, ya sauka a unguwar Zango. Su kan zo da tufafi da takarda da bindigogi. Su kan koma da fatu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi, don a lokacin ba a hana cinikin mutane ba.

Raƙumi ɗaya ya kan ɗauki kilo 150 ko kusa da haka. Tafiyar kuwa ta watanni ce. Shugaban ayari shi ne madugu. Ba kowa a ke ba wannan girma ba. Sai wanda ya shekara da shekaru yana bin wani madugu, ya san rijiyoyi, ya san taurari, ya san inda mahara su ke kwanto. Ba shi da takarda ko ɗaya, amma fatake sun gwada shi. In ya yi kuskure, ayari duka ne zai halaka.

Jirgin ƙasa da mota

Faransawa sun kama Zinder a 1899. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku. Kayan da raƙumi ke yi wa watanni, sai ga shi yana zuwa cikin kwanaki, kuma da araha. Daga nan fataucin Tarabulus ya durƙushe. Hanyar arziki ta juya kudu.

A ƙarshen 1924 waɗansu motoci 8 na kamfanin Citroën suka ratso hamada, suka biyo ta Yamai, suka iso Zinder. Kowace tana jan ɗan ƙaramin akwati mai ƙafafu a bayanta. Ka iya cewa kakannin tirela ke nan.

Gyaɗa ce ta cika ƙasarmu da manyan motoci. Manoman Magariya da Matamaye da kewayen Zinder su noma, motoci su kwasa zuwa tashar jirgi ta Kano, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka. Daga 1953 aka fara jigilar wani kashi na gyaɗar Nijar zuwa Faraku ta ƙasar Dahome, wadda yanzu a ke kira Benin, jirgi ya kai ta Kwatano. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don cinikin gyaɗa. Fari na shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, amma mota ba ta tsaya ba. A 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Zinder, tankoki suka ƙaru a kan hanya.

Yi lissafi da kanka. Tirela mai ɗauke da tan 30 ta ɗauki kilo 30,000. Kayan raƙuma 200 ke nan. Ashe direban tirela madugu ne, ayarinsa duka yana bayan kujerarsa.

Asalin lasisi

Da motoci suka fara yawa a Faransa, sai aka ga ba zai yiwu a bar kowa ya tuƙa ba. A 1893 aka ce duk mai tuƙi a birnin Faris sai ya sami takardar shaidar iyawa. A 1899, shekarar da aka kama Zinder, dokar ta game Faransa duka. A 1922 aka sa wa takardar suna permi, sunan da mu ke kiran lasisi da shi har yau.

A 1968 ƙasashe suka taru a birnin Biyana, suka tsara lasisi aji aji. A na babur ne. B na ƙaramar mota ne, wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba. C na babbar motar kaya ne. D na motar fasinja ne. E kuwa na mai jan tirela ne, wadda ta wuce kilo 750. Ba a tsallake tsani. Sai ka mallaki lasisin kan motar kafin ka nemi na jela.

Abin da za a tambaye ka

Jarrabawa kashi biyu ce. Na farko kod, wato dokoki da alamomin hanya. Na biyu tuƙi a gaban mai gwadawa. Ga abubuwan da mai neman E zai riƙe da kyau.

Haɗa kai da jela. A bayan kai akwai babban farantin ƙarfe mai baki. A ƙarƙashin tirela akwai ƙatuwar ƙusa. Ƙusar nan ce ke shiga bakin farantin ta kulle. Bayan ka haɗa, sauka ka duba da idonka. Sa'an nan ka ɗan ja gaba alhali birkin tirela yana riƙe. In ba ta saki ba, ta kama. Kada ka manta ka naɗe ƙafafun da tirela ke tsayawa a kai.

Birki. Na tirela da iska ya ke aiki. A irin motocin Turai da mu ke da su, robar iska biyu ce, ja da rawaya. Jar tana cika tankin iska na tirela. Rawayar tana kai umarnin ƙafarka. In jar ta tsinke, tirela ta kan kama birki da kanta. Ba a tashi sai agogon iska ya nuna ta cika.

Kwana. Tayoyin baya ba su bin sawun na gaba, su kan yanke kwana. In ba ka buɗe ba, sai jela ta hau kan mai babur ko mai amalanke.

Baya. In kana son jela ta nufi dama, sai ka fara juya sitiyari hagu. A nan ne gwanayen ƙaramar mota su ke rikicewa.

Gudu. In ka ninka gudu sau 2, nisan da birki zai tsayar da kai ya ninka sau 4. In ka danna birki da ƙarfi a kan santsi, jela ta kan turo kai, motar ta naɗe kamar wuƙar aljihu. Tirela marar kaya ta fi saurin zamewa. Tankin da bai cika ba kuwa, mai yana tangaɗi a ciki, yana iya kifar da ita.

Rai ne a ciki

A watan Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi. Fiye da mutum 50 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Ka ga irin abin da babbar mota ɗaya ke ɗauke da shi.

Saboda haka kada wani ya ruɗe ka da cewa zai samo maka lasisi ta bayan fage. Takardar saye ba ta koya wa ƙafa birki. Ranar da jela ta juyo, kuɗinka ba za su riƙe ta ba.

Yaron mota ya kan yi shekaru yana wanke gilashi, yana sa waigi, yana kallon hannun maigidansa. Wannan makaranta ce ta gaske, irin ta madugu. Sai dai yau ita kaɗai ba ta isa ba. Allon hanya rubutu ne. Agogon iska lambobi ne. Takardar kaya da ta awon nauyi da ta kan iyaka duk sai an karanta. Wanda bai iya ba, sai abin da aka gaya masa, ko da cutarsa a ke yi.

To, in kana da ƙane ko ɗa mai sha'awar tirela, ka kawo shi ajin yaƙi da jahilci tun rani bai ƙare ba. Ya fara da baƙi da lissafi, ya bi da alamomin hanya, sa'an nan ya nufi makarantar tuƙi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai mu gida lafiya, amin.