Waiwaye: Kafin Daimon Ya Ƙwace Fage

Ba a fi ƙarni ɗaya da rabi ba da daimon ya fara zama sarkin kyautar masoya. Kafin nan, shekaru dubbai, duwatsu masu launi ne ke cin karensu babu babbaka: jan yakutu, shuɗin yakutu da koren zumurrudu, sai lu'ulu'un teku a gefe.

Rumawa sun haukace a kan 'yan kunne masu jauharai. Masaninsu Seneka ya yi mitar cewa mace kan rataya kuɗin gidaje biyu ko uku a kunnenta. Marubucinsu Filini kuma ya kawo labarin sarauniyar Masar Kiliyobatira, wadda ta yi fare da masoyinta Antoni cewa za ta kashe dukiya mai ɗimbin yawa a walima guda. Da aka zauna cin abinci sai ta zare ɗan kunnenta ɗaya, lu'ulu'un da ba a taɓa ganin irinsa ba, ta jefa a ruwan tsami, ya narke, ta shanye. Ko dai an ƙara gishiri a labarin, ya nuna inda attajiran zamanin ke ajiye arzikinsu. Zumurrudun da matan Rum ke ƙawa da shi kuwa daga hamadar gabashin Masar ake haƙo shi, kusa da Bahar Maliya.

Malaman Musulunci sun ɗauki sha'anin jauharai a matsayin ilmi. A ƙarni na 11 Albairuni ya rubuta littafi sukutum a kan jauharai, har ya auna nauyinsu don a bambanta na gaske da jabu. Mafi kyawun yakutu a wancan lokaci daga Sarandib yake fitowa, wato Siri Lanka ta yau. Sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka mamaye ma'adinan zumurrudu na Muzo a Kolombiya, zumurrudun can ya kai har fadar sarakunan Mugal a Indiya, na Masar ya koma kwandon shara.

A farkon ƙarni na 19 masoyan Faransa da Ingila sun fito da wata dabara mai ban sha'awa: a jera duwatsu ta yadda haruffan farko na sunayensu za su haɗa sunan budurwa. Saƙo ya isa, ba tare da saurayi ya buɗe baki ba.

Daga nan al'amura suka juya. An gano daimon a Afirka ta Kudu a 1867, aka kafa kamfanin De Beers a 1888. A 1902 Bafaranshe Ogust Banoyi ya bayyana hanyar ƙera yakutu a masana'anta, sai shakka ta shiga kasuwar jan dutse. Tallar da aka yi wa De Beers a 1947 ita ce ta ƙarasa aikin, ta cusa wa samarin Amurka cewa ba a neman aure sai da daimon. A ganina 'yan talla ne suka ci wannan yaƙi, kyawun dutsen bai isa ba.

Launi bai mutu ba dai. An gano dutsen tanzanait a Tanzaniya a 1967, kuma zoben baikon Gimbiya Dayana ta Birtaniya na 1981 shuɗin yakutu ne. Irin wannan dutse ana haƙo shi a tsaunin Mambila a jihar Taraba, sai dai galibi ɗanyensa ake fita da shi zuwa Tailan da Siri Lanka, can a sassaƙa shi, a ɗora a kan 'yan kunne, a kuma ci ribar.